Mariƙan Tagar Mai Fenti

Mariƙin tagar kicin shi ne na huɗu da ya yi murabus a gidan Mai Fenti. Ranar wata Laraba da hantsi matarsa ta kama shi za ta buɗe hayaƙi ya fita, sai ga shi ya biyo hannunta, taga kuwa ko gezau. Ta dubi mariƙin, ta dubi tagar, ta ɗauko shi ta zo falo ta dangwarar wa mijinta kusa da kofin shayinsa.

"Ga wani ya bi 'yan'uwansa," ta ce. "Saura uku. Ko sai mun koma shaƙar iska ta ramin makulli za ka motsa?"

Hedimasta ke nan. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana koyarwa, goman ƙarshe tana riƙe da makaranta guda. Ta yi ritaya, amma muryar ba ta yi ba. Mijin ne ya ƙi sauke mata sunan, har 'ya'yansu suka tashi suna zaton da shi aka haife ta.

Tagogi bakwai ne a gidan, kuma gaskiya sun zama abin kunya. Ta ɗakin baƙi da igiyar cajar waya aka ɗaure ta. Ta banɗaki cokali aka soka mata. Ta falo kuwa sai an nemo filaya kafin a sha iska, in filayar ta ɓata a kwana biyu ana fifita da kwali. Mariƙan duk mijin 'yarsu Auta ne ya kawo su kyauta shekara biyar da suka wuce, ruwan zinare masu ƙyalli, har in rana ta doke su sai ka kare fuska. Tun ranar Mai Fenti ya ɗauki ɗaya ya juya shi ya ce kyan ɗan maciji ne, damina biyu za su yi. Damina biyun suka yi. Zinaren ya dinga ɓarewa yana manne wa mutane a tafin hannu, ƙarfen ƙasa ya fito toka-toka, daga nan suka shiga karyewa ɗaya bayan ɗaya.

Da ma haka maganarsa take a kan launi da shafe, ba ta faɗuwa ƙasa banza. Shekara arba'in da biyar yana fenti. Yanzu ƙafa ta yi nauyi, bai cika hawa tsani ba, amma har gobe ba wanda zai taɓa bangonsa a unguwar bai turo an ɗauko shi ba. Ya je ya tsaya tsakar ɗaki, hannu a baya, ya ce a ƙara fari kaɗan, a rage shuɗi, shi ke nan an gama. Mata na aiko masa da ƙyallen labule ya duba. Launi ɗaya ne ya ɗaura wa karan tsana duk rayuwarsa: ruwan hoda. Ya taɓa ajiye buroshi ya bar aikin bene guda don mai gidan ya nace sai ruwan hoda. Auta ma, 'yar lelensa, tana shekara tara ta yi kukan kwana uku a yi mata ɗaki ruwan hoda, ya ce ta yi ta kuka, hawaye ba ya ɓata fenti.

To, ga abin da ba wanda ya sani, ko kuwa abin da yake zaton ba wanda ya sani. Yau kusan shekara biyu ke nan duniya ta fara yi masa kamar yana leƙenta ta cikin kofin baƙin shayi. Fari ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, shuɗi da kore suka haɗa baki suka zama abu ɗaya, launukan tsakiya kuwa duk suka bi juna. Da dabara yake cin abinci. In ya je gidan mutane sai ya ce wa mai gida, "Karanto min abin da aka rubuta a gwangwanin, in ji ko ka san abin da ka sayo." Daga nan ƙwaƙwalwa ta ƙarasa aikin. Tsoronsa ɗaya ne, kada Hedimasta ta gane. Ran da ta gane, ran nan za ta tasa shi gaba zuwa asibiti a sa masa ƙarfe a ido, labari ya zaga unguwa, a daina aiko masa da mota, a daina tambayarsa. Mutumin da aka daina tambaya kuwa, a ganinsa, ya zama kujerar falo. Wanzami dai ba ya son jarfa.

Saboda haka da ta ce ranar Asabar Auta za ta zo ta kai su shagon kayan ƙarfe ya zaɓi sababbi, gabansa ya faɗi. Amma ya kurɓi shayinsa ya ce, "Sai me? Aikin minti biyar." Ya riga ya shirya yadda za a yi. Zai sa mai shago ya lissafo masa launukan da bakinsa, ai ɗan kasuwa ba ya gajiya da yabon kayansa.

Shagon wani dogon lungu ne mai warin man inji, kwaduna da sarƙoƙi da hinjin ƙofa na reto daga rufi, ƙwan lantarki ɗaya dogo yana ta ƙifta ido. Mai shagon wani ƙaƙƙarfa ne mai sanƙo da faɗin murmushi. Yana hango su ya fito daga bayan kanta da gudu har yana ture bokitin ƙusoshi.

"Baba! Kai da kanka? Yau shagona ya yi albarka. Ba ka gane ni ba ko? Kai ka yi fentin gidan mahaifina, koren nan da har yau ake kwatance da shi."

"Na gane ka mana," in ji Mai Fenti, alhali sanƙon kaɗai yake gani. "Mariƙan taga muke so, bakwai. Na kirki, ba na kallo ba."

Mai shago ya sauko da wani allo ya kwantar a kan kanta. Mariƙai goma sha biyu ne a jere, kowanne an ɗaure shi da ƙusa biyu. Mai Fenti ya sunkuya. Baƙin ya gan shi, farin ma ya gan shi, masu ƙyalli biyu suna soka masa ido. Sauran kuwa, Allah na tuba, 'yan gida ɗaya ne.

Ya gyara murya. "To, lissafo min su in ji. Wannan me kuke ce masa?"

Mai shago ya dafe ƙirji ya ja da baya. "Ni? Ni in gaya wa Baba launi? Haba, ai sai bakina ya karkace. A gaban malami ɗalibi zai buɗe littafi? Duba abinka, Baba, ni yau darasi na zo ɗauka."

Kai, ladabi ma wani lokacin mugunta ne! Mai Fenti ya ji kamar ya kwaɗa masa allon a sanƙo. Ya juya wajen 'yarsa.

"Ke Auta, zo in gwada ki. Fara daga nan, wane launi ne?"

"A'a, Baba, yau kam ba ka samu ba," ta ce tana dariya tana noƙe kafaɗa. "Bara na ce maka labulena ruwan madara ne, ka yi wata uku kana ba mutane labari. Ni dai nawa a bayyane yake, wancan mai ruwan zinaren. Wallahi in ka ga yadda yake a gidan ƙawata..."

"Zinare kuma? Wanda mijinki ya kawo bai ishe mu ba? Har yau in na wanke hannu sai na ga arziki na bin rariya."

"Wannan daban ne, Baba, sabon yayi ne."

"Wancan ma sabon yayi ne ranar da aka kawo shi."

Hedimasta dai tana gefe ta rungume jaka. Ita kaɗai ta rage, amma ko da wasa ba zai tambaye ta ba. Matar da ke gane yaron da bai yi aikin gida ba tun daga bakin ƙofar makaranta?

Da ido ya ƙi, sai ya koma ga hannu. Ya naɗe hannun riga, ya ce a kwance masa su daga allon, shi ba ya sayen abin da bai ɗaga ba. Mai shago ya ɗauko sukundireba yana rawar jiki.

Nan fa Mai Fenti ya shiga fagensa. Ya ɗauki mai ruwan zinare ya jefa sama ya cafe. "Ji nan, ba nauyi. Cikinsa fanko ne." Ya ƙwanƙwasa shi a kan kanta, ya yi ƙara ƙwas. Ya zaro makullin gida ya ɗan karce shi ta ciki inda ba a gani, ya shafa wurin da babban yatsa, ya ji tudun da shafen ya tattare. "Shafa masa aka yi a sama, kamar kwalliyar zuwa biki. Gumi da ruwan sama su haɗu a kansa, an gama. Ajiye wa surukina."

Auta ta turo baki. Mai shago ya ce, "Allah Ya ƙara basira, Baba," ko da yake kayansa ake zagi.

Mai ƙyallin azurfa ya fi nauyi, makulli ma bai ci shi sosai ba. Mai Fenti ya huro masa huci, ya danna yatsa, ya miƙa wa matarsa ba tare da ya kalla ba. "Ke ce mai gogewa, ke za ki yanke wannan."

Ta ɗaga shi wajen haske. "Yatsanka ya fito raɗau, har da tabon da reza ta yi maka. In ka sa min wannan a kicin, tsumma zan ɗaura a wuya."

"Ya faɗi," ya ce.

Farin ma ita ta kayar da shi. Ta ce wata ɗaya zai yi a hannun jikoki ya koma launin da ba shi da suna.

Sai baƙin. Nan ne ƙofar tsira take, a buɗe wangamau. Baƙi baƙi ne, ko makaho ya zaɓe shi ba mai cewa ya yi kuskure. Mai Fenti ya ɗauka har ya buɗe baki zai ce a naɗe. Sai babban yatsansa, munafuki, ya bi gefen mariƙin ya tarar fentin ya yi siriri a kan kusurwa. Ya sa farce ya ɗan taɓa, ɓawo ya ɗago. Fesawa aka yi aka shanya, ba a gasa shi a wuta ba. Shekara ɗaya kusurwar za ta yi fari. Ya tsaya yana jayayya da kansa. Ya ɗauki wannan ya tsira da mutuncinsa, ko ya ajiye ya faɗa duhu?

"Shi kowa ke saye yanzu, Baba," in ji mai shago, yana son ya taimaka.

Ai kuwa ya taimaka. Mai Fenti ya ajiye baƙin tim. "Shi ya sa kowa ke dawowa wurinka bayan shekara. Wanda ya yi fentin nan, da a hannuna ya koyi aiki, da ya sha rankwashi."

Ya bi sauran ɗaya-ɗaya, yana ɗagawa, yana ƙwanƙwasawa, yana karcewa. Wani ya yi masa kaushi, ya ce zai kama labule. Wani ya yi santsi, ya ce jiƙaƙƙen hannu zai zame. Har ya zo kan na tara. Yana ɗauka ya ji nauyi ya zauna masa a tafin hannu. Ya kara shi a kumatu, sanyi ƙalau. Ya ƙwanƙwasa, ya amsa da wata siririyar murya mai tsawo. Ya sa makulli ya karta, ya ƙara ƙarfi ya sake kartawa, ya shafa. Babu komai, sumul. Launin ya shige jikin ƙarfen, ba a kai yake zaune ba. Rabon da ya riƙe abu mai kyau haka har ya manta, daɗi ya kama shi har ya mance da tsoro. Ya kai shi kusa da ido, ya ga wani ruwan ƙasa mai ɗan ja-ja.

"Yauwa," ya ce da ƙarfi, ya ɗaga shi sama kowa ya gani. "Ga dattijo. Ruwan tagulla mai duhu, ba hayaniya, ba neman suna. Wannan sai ya binne mu duka."

Jama'a, mariƙin nan ruwan hoda ne. Ba ma mai kunya ba. Irin mai ɗan sheƙin nan da 'yan mata ke so a bayan waya.

Mai shago ya buɗe baki. "Baba, ai wannan..."

"Bakwai za ka naɗe mana," in ji Hedimasta, da muryar da take sallamar taron safe. "Da ƙusoshinsu. Ka ƙara biyu ko wata za ta faɗi."

Auta ta yi wani sauti kamar ruwa ya sarƙe ta, sai kuma ta ce "Wash!" kamar an taka mata ƙafa. Mai Fenti ya ɗauka haushin zinare ne. Ya dafa mata kai ya ce ta yi haƙuri, in ta girma za ta gane. A mota ma sai jan hanci take, shi kuwa yana baya da leda a cinya yana ta bayani a kan bambancin shafe da rini.

Da kansa ya ɗaura su, bai kira kowa ba. Wannan aikin yatsa ne, ƙusa biyu sama da ƙasa. Kafin la'asar tagogi bakwai suna buɗewa suna rufewa da taɓawa ɗaya, aka sallami filaya da cokali da igiyar caja. Ya bi ɗaki-ɗaki yana murɗawa don jin daɗi kawai, Hedimasta na biye da shi da tsintsiya tana share garin katako.

"Ya kika gani?"

"Suna buɗewa," ta ce.

Sati uku ya yi yana cin karensa babu babbaka. Duk wanda ya shigo gidan, ko mai karanta mitar wuta ne, sai an kai shi gaban taga. "Taɓa ka ji. Ɗaga hannunka ka gani, akwai tabo? Ka ga launi mai hankali?" Mutane su kalli mariƙi, su kalli Mai Fenti, su kalli Hedimasta da ke tsaye a bayansa ta kafe su da ido, su ce, "Ai Baba ya san abin da yake yi." Wasu ma da gaske suke. Matar maƙwabcinsu ta koma gida ta tayar wa mijinta da hankali, ta ce in har Mai Fenti da kansa ya sa wannan launi to shi ne yayin bana. Kafin sati na biyu ya ƙare mai shago ya sayar da duk wanda yake da shi ya aika a ƙaro. Da labari ya zo wa Mai Fenti sai ya shafa gemu ya ce, ai da ma mutane jira suke a nuna musu hanya.

Sai Kafinta ya dawo daga tafiya.

Kafinta abokinsa ne tun suna samari, sun yi aiki tare a gidaje ba adadi, shi ya kafa ƙofa, wannan ya shafe ta. Mutum ne da bai san kara ba, kuma ba ya tsoron kowa, har Hedimasta. Ya shigo da yamma yana ƙwala sallama tun daga waje, ya zube a kujera ya nemi ruwa. Hedimasta na kicin. Da ta ji muryarsa ta saki abin da take yi ta taho, amma kafin ta iso Mai Fenti ya riga ya ja shi gaban tagar falo.

"Taɓa ka ji, kai da ka ce ka san ƙarfe."

Kafinta bai taɓa ba. Ya tsaya ya ƙura wa mariƙin ido. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Sai ya fashe da wata irin dariya har yana dafa bango.

"Wayyo cikina! Kai! Kai ne da ruwan hoda? Kai da ka bar mu da yunwa a aikin benen nan saboda ruwan hoda? Bakwai! Har banɗaki? Wa ya ci ka da yaƙi, Hedimasta ko Auta? Don Allah bari in zauna, tsufa ya zo wa maza da kwalliya!"

"Wane ruwan hoda?" in ji Mai Fenti. "Tagulla ce, makaho."

"Tagulla? Wannan? To ni ma jirgin sama ne." Ya sake ƙyaƙyacewa. "Kai dai faɗi gaskiya, an..."

Sai ya dubi fuskar abokinsa, dariyar ta tsaya masa a wuya. Mai Fenti ba shi yake kallo ba. Ya sunkuya har hancinsa na kusan taɓa mariƙin, ya runtse ido ɗaya, ya buɗe, ya runtse ɗayan. Kafinta ya juya ya ga Hedimasta a bakin ƙofa da kofin ruwa a hannu. Kallon da ta yi masa, da itace ne da ya bushe.

"Af," ya ce a hankali. Ya sosa ƙeya. "Wato... hasken yamma ne ma, yana canza abu. Ni fa na tuna na bar shago a buɗe." Mutumin da ya rufe shago shekara shida da suka wuce. Ya nemi takalmansa ya fita, ruwan ma bai sha ba.

Mai Fenti ya daɗe a tsaye riƙe da mariƙin. Kunya ta fara zuwa, mai zafi, tun daga wuya har kunne. Ya tuna mai karanta mita, ya tuna matar maƙwabci, ya tuna mai shago da "Baba, ai wannan." Daga nan ya tuna wadda ta katse mai shagon. Kunyar ta kwanta, wani abu mai nauyi ya hau kanta.

Ya same ta a kicin ta juya baya tana yanka albasa. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar yaron da aka aiko ofis.

"Ruwan hoda ne?"

"Ruwan hoda ne."

"Sosai?"

"Sosai."

Ya ja kujerar roba ya zauna. "Tun a shagon kika gane ke nan."

Wuƙar ta tsaya. "A shagon? Malam, tun bara waccan. Ranar da ka fito za ka ɗaurin auren ɗan ƙanenka da safa ɗaya shuɗiya ɗaya koriya. Kana zaton safa da kansu suke haɗa kansu biyu-biyu a cikin durowa tun daga ranar? Kana zaton gwangwanayen fentinka da ƙafa suke jeruwa daga fari zuwa baƙi?"

Bai taɓa tambayar kansa ba. Ya ɗauka sa'a ce.

"To me ya hana ki magana? Ke da ko gishiri ya yi yawa a gidan maƙwabta sai kin aika musu?"

Ta ajiye wuƙar ta juyo. Idonta ya yi ja, kuma ba duka ne laifin albasa ba.

"Shekara talatin da ɗaya ina bin kuskuren 'ya'yan mutane da jan biro, hannuna bai taɓa rawa ba. Naka ne kaɗai na duba na kasa. Na ga yadda kake tashi in an aiko mota. Na ce bari in jira ka faɗa da bakinka." Ta share ido da bayan hannu. "Ashe kai taurin kanka ya fi ƙarfen da ka zaɓo."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "In aka sani, ba mai sake tambayata komai."

"An sani. Rabin unguwa sun sani, ɗaya rabin sun sayi ruwan hoda. Jiya ma ba an aiko ka duba bangon asibitin yara ba? Wanda ya aiko, matarsa ce ta fara tambayata lafiyar idonka."

Wannan ya fi dariyar Kafinta ciwo, kuma ya fi ta daɗi, ya rasa yadda zai yi da shi. Ya murza tafin hannunsa a gwiwa.

"Tsoro nake ji," ya ce. "Ido ne fa. In suka taɓa ya tafi gaba ɗaya?"

"Ni ma tsoron nake ji. Amma na je na tambaya, har sau biyu. Likitan ya ce in yanar ido ce, cire ta ba wani dogon aiki ba ne, sai dai ya duba ka tukuna." Ta buɗe durowar cokula, ta ɗaga takardar da aka shimfiɗa a ƙasa, ta zaro wani ɗan kati da ya fara lanƙwashewa. "Talata da Alhamis yake zama. Sau huɗu ina sa a canza mana rana."

Ya karɓi katin ya juya shi. Bai iya karanta ko harafi ɗaya ba, kuma a karo na farko bai yi kamar yana karantawa ba. Ya miƙa mata.

"Karanta min."

"Talata, ƙarfe tara na safe."

"Talatar nan?"

"Talatar nan."

Ya yi ajiyar zuciya. "To. Allah Ya kai mu."

Ta mayar da katin, ta ɗauki wuƙarta, ta ci gaba da albasa. Sai da ta yanka rabi sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Amma ka ji sharaɗina tun yanzu. Ranar da aka wanke maka ido ka dawo ka gan su da kyau, ba za ka cire ko ɗaya ba. Sati uku ina kare maka su a gaban baƙi. Kai ka zaɓa, da su za ka zauna."

"Haba, Hedimasta. Ko na falo?"

"Musamman na falo."

Dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har kujerar roba na ƙara, har hawaye suka zubo suka ƙi tsayawa bayan dariyar ta ƙare. Ta miƙa hannu ta murɗa mariƙin, ta tura tagar, ta ce albasar nan ta cika yaji.